Tambayi Gwaggo: Malaminmu ya ce ina son in maida mata maza

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ya aiki ya zahi. Ni ɗaliba ce ina karatun zanen kaya da ɗinki nan Sakkwato, shekarar ƙarshe nike, an ce kowa shi kawo abin da zai yi firojek a kai. 'Yan ajinmu kusan duk kayan amare sunka ɗauka, ni ko sai na ce kayan aiki nika so in yi, irin na nas-nas da masu aikin lab da injiniyoyi, amma na mata. To na shiga Pinterest na kwaso hotuna na zana obarol da jaket na kai ma malaminmu, ya duba ya ce wanga ai kayan maza na kika sa ma ruwan hoda, kuma wai ina son in maida mata maza. Gida ma Innata ta ce kar in jawo mata magana cikin unguwa. Yanzu kaina ya kulle ko fensir ban iya ɗauka. Dan Allah mi za ni yi, in canza in koma kayan amare ko ko?
Ɗiyarki daga Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, lafiya lau, zafi kam sai godiya. Kar ki canza. Kayan amare ba su rasa masu yi ba, ajinku kaɗai ya ishi garin nan. Amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, rabin maganar malaminki gaskiya ce. Idan obarol ɗin namiji kika ɗauko daga hoto kika matse ƙugu kika canza kala, to ba ki zana komai ba tukuna, kwafa kika yi. Ɗaya rabin, na maida mata maza, shi ne ban yarda da shi ba, kuma zan zo kansa.

Matsalar daga inda kika fara ne. Kayan biki daga ido ake fara su, mene ne zai yi kyau a hoto, shi ya sa Pinterest ke musu amfani. Kayan aiki kuwa daga wahala ake fara su. Wandon jins ɗin nan da duniya ke yayi, wani tela ne mai suna Jacob Davis a garin Reno na Amurka ya ga aljihun wandon leburori na yawan yagewa, sai ya riƙa kafa 'yan ƙusoshin tagulla a kusurwar aljihu, shi da wani ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi wa dabarar rajista a 1873. Tela ne kamar ni da ke, yagewa ya gani ya nemi maganinta, ba ado ya zauna nema ba.

Don haka ki ajiye wayar nan, ki ɗauki ƙaramin littafi da biro ki fita. Kuma sana'a ɗaya za ki zaɓa, ɗaya tak, don nas da injiniya da mai lab da kika lissafa kowacce jikinta daban yake motsi a wurin aiki, in kika ce duka za ki yi to babu wadda za ki yi wa abin kirki. Ni da ni ce ma ba asibiti zan fara zuwa ba, gidan mai markaɗe ta unguwarku zan je da sassafe in zauna. Ki kalle ta da kyau. Kafin ta tada injin sai ta tattare hijabinta ta murɗa shi ta ƙulle a bayan wuya, don bel ɗin injin yana juyawa a buɗe kusa da gwiwarta, kuma ta san abin da zai faru in ya kama bakin ƙyalle. Hannun riga ta naɗe shi har sama da gwiwar hannu amma duk ta sunkuya sai ya zazzago, sai ta sa haƙori ta ja shi tunda hannuwan duk ƙullu ne. Canji yana ƙulle a haɓar zane, waya tana cikin rigar mama, in aka kira sai ta nemi yaro ya riƙe mata roba tukun. Duk inda kika ga mace ta ƙulla, ko ta soka fil, ko ta ɗaure da kyauro, to wurin rigar ta gaza ne ita kuma ta gyara da dabararta, ki rubuta shi. Kafin injin ya mutu za ki cika shafi, kuma ba ko ɗaya da za ki samu a intanet.

In tana da tsohuwar rigar aiki da ta daina sawa ki roƙa ta ba ki aro. Ki shimfiɗa ta a tabarma ki duba ina ta fara yagewa, ina ta koɗe, ina aka yi mata faci. Yawanci hammata ce da gaban cinya.

Yanzu maganar aljihu, don nan ne ainihin zancen maza da matan da kike nema yake ɓoye. Ki dubi babbar riga. Rigar da ta fi kowace daraja a wurin namijin Bahaushe, katon aljihu ne a ƙirjinta, kuma aikin aska biyu ko aska takwas ɗin da ake biyan kuɗi masu yawa dominsa a kan aljihun nan da wuya yake zaune. Kaftani aljihu uku, biyu a gefe ɗaya a ƙirji, wando ma da nasa. To ki buɗe akwatinki ki ƙirga rigunan da tela ya yi miki aljihu ba tare da kin roƙa ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a 2018 wata kafa a Amurka mai suna The Pudding ta auna wandunan jins 80 na kamfanoni 20, ta samu aljihun gaba na mata ya fi na maza gajarta da kashi 48 cikin 100. Wato tela a ko'ina yana ɗinka wa namiji ne da tunanin zai fita nema, mace kuwa da tunanin za a kalle ta, alhali ita ma tun asuba take nema. Wannan kaɗai ya isa babi guda a firojek ɗinki, kuma ba wanda zai ce kin kauce hanya don kin yi wa mace aljihu.

Sai zancen da ya fi damun Inna. Hadisin da ya hana mace kamanta kanta da namiji da namiji kamanta kansa da mace sananne ne, yana cikin Bukhari, ba kuma za mu yi wasa da shi ba a garin Shehu. Amma ki tambayi Inna cikin ladabi, unifom ɗin da ta ɗinka miki na Islamiyya mene ne? Doguwar riga ce da wando da hijabi. Wa ya taɓa cewa an maida ku maza? Riga da wando 'yan Pakistan da matan aure ke sawa fa? Abin da ake duba shi ne yankan kayan da yadda suka suturta, da kuma ko mutanen gari in sun gani za su ce na mata ne. Ki gama zanenki ki kai wa malamar Islamiyyarku ta gani da idonta, ya fi ki tsaya musu da baki a kan abin da ba a ɗinka ba. Ni a ganina ma abin da ake ciki yanzu shi ya fi kusa da abin da malaminki ke tsoro, a ɗauki obarol ɗin da aka yanka a jikin namiji a miƙa wa yarinya ranar firaktikal, kafaɗa ta yi mata yawa, ƙugu ya matse ta, ta yini tana jan riga ƙasa. Har NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sai da wannan ya kama ta, a watan Maris na 2019 an shirya mata biyu za su fita aiki a wajen tashar sararin samaniya, aka fasa saboda rigar da ta yi daidai da jikinsu guda ɗaya ce a shirye, sai a Oktoba aka yi. A nan gida kuwa a 2022 ne rundunar 'yan sanda ta amince mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula. Kin ga masu unifom ma sun fara gane jikin mace da suturarta ba ƙari ba ne da za a liƙa daga baya.

To ga abubuwan da nake so ki yi ta gwadawa a kan keke, ba a kan takarda ba. Obarol mai haɗe sama da ƙasa ki manta da shi, namiji ne ya ƙirƙire shi don kansa, mace in za ta kewaya sai ta tuɓe shi gaba ɗaya, ki tuna irin bayin da ke wuraren aikinmu. Ki raba shi biyu, riga mai sauka har gwiwa da tsaga a gefe don taku, da wando mai wadatacciyar hantsa yadda za ta tsuguna ba fargaba. Ƙugun ki sa zariya ko roba, don wadda kika auna yau wata huɗu masu zuwa wataƙila tana da juna biyu, bayan nan kuma shayarwa, sai ki yi tunanin zif a ɓoye a gaban rigar. Hannu dole ya naɗu har sama da gwiwar hannu saboda alwala, ya kuma tsaya inda aka naɗe shi, ɗan maɗauri da botin ya isa. Ki sa ƙyalle a hammata yadda in ta ɗaga hannu rigar ba za ta bi ta sama ba.

Hijabin aiki kuwa shi ne inda za ki yi suna in kin iya. Ya rufe ƙirji amma kar ya yi jela, kuma maimakon fil ki gwada botin ɗin dannawa wanda in an fizga da ƙarfi zai ɓalle da kansa. Duk wanda ke hawa kabu-kabu a garin nan ya san yadda tayar baya ke cin bakin hijabi, gara ya ɓalle a ji kunya da ya shaƙe wuya.

Yadi kuma kar kyan kala ya ruɗe ki. Garin da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, in kika sa wa mace yadin roba ta yini a ciki kin zalunce ta, ga shi kuma in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata, ki tuna masu tuyar masa da awara. Auduga mai ɗan kauri ko kaki mara nauyi, kuma ki wanke yadin kafin ki yanka don yana shiga. Ɗinkin gwaji da akoko za ki yi, kar ki ƙona kuɗinki. Ki je wurin 'yan gwanjo ki sayi tsohon obarol ɗaya ki farke shi gaba ɗaya da reza, ki ga gida nawa aka yanka, ina aka ninka ɗinki, ina aka ƙarfafa, wannan darasi ne da ba kowane aji ake koyar da shi ba. Aljihu a jikin ɗinkin gefe, mai zurfin da waya za ta shige duka, ki sa wayar ki tsuguna ki miƙe ki gani ko za ta faɗo.

In kina son abin ya yi ƙamshin Sakkwato, ga fatar jar akuya a hannunki, wadda tun zamanin fatake ake ketara Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Maƙera da walkin fata suke kare jikinsu tun kaka da kakanni. Ki je Madunka ki ga masu aikin, wataƙila ɗan walki na gaba mai aljihu ko jakar ƙugu ya fito miki. Sai dai ki yi shi mai cirewa, fata da wankin omo kullum ba sa shiri.

Ranar da za ki koma wurin malam kar ki kai masa zane kawai. Ki kai littafin da kika cika, da hoton tsohuwar rigar da inda ta yage, da rigar akokon da mai markaɗen ta yi aiki a ciki na 'yan kwanaki da abin da ta ce a gyara, don za ta ce, mata ba sa rasa gyara. Ki kuma yi lissafin yadi nawa ta ci da kuɗin ɗinki, in ta fi ƙarfin wadda aka yi dominta to sai ki rage ado, kar ki rage aljihu. Ki gaida Inna.

TAMBAYA: Gwaggo barka da aiki. Ni namiji ne ina koyon ɗinki a shagon kawuna, an kawo muna aikin unifom na mata masu aikin wani kemis, to ni kunya nika ji wurin awo kuma kawu ya ce in san yadda zan yi. Yaya aka yi?
Ɗanki daga Gidan Igwai.

AMSA: Ɗana kunyar nan taka a wurinta take, kuma ba sai ka taɓa kowa ba. Kowacce ta kawo rigar da ta fi jin daɗinta a jiki ka auna a kan tebur, ko ka ba ƙanwarka tef ka nuna mata wuraren, kafaɗa da ƙirji da ƙugu da mazaunai da tsawo da hannu, ta auna ka rubuta. Ka ƙara sakewa a kan awon, kayan aiki ne ba na fita biki ba, su yini suna miƙa hannu saman kantar magani suna sunkuyawa. Ka fara ɗinka guda ɗaya ka aika a gwada kafin ka yanka sauran yadin, kuma ka tambaye su me suke riƙewa a hannu duk yini, biro ne ko almakashi ko waya, ka yi wa kowanne wurin zama.