Likita, wai an samo maganin sikila? Amsoshin tambayoyinku kan sababbin binciken lafiya

Wasiƙun da na zaɓo a wannan karon duk sun taso ne daga labaran da kuka ji game da sabon magani ko sabon bincike. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su.

Assalamu alaikum likita. Ɗana ɗan shekara bakwai yana da sikila. Na ji an ce an samo maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya. Gaskiya ne? Ta yaya zan same shi?

Wa'alaikumus salam, Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Labarin gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a watan Disamba. Jariri a cikin mahaifa yana da irin nasa sinadarin jini wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini kamar yadda na mai sikila ke yi, amma bayan haihuwa jiki kan daina yin sa. Masu binciken sun gano yadda za a gyara ƙwayar halittar da ke rufe wannan ƙofa, jiki ya koma yana yin jinin jarirai. A gwajin da aka miƙa wa hukumar Amurka, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da ciwo mai tsanani ya tashi ba.

Sai dai hanyar tana da wuya. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su a ɗakin gwaji, sannan a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji domin a share ɓargonsa kafin a mayar masa da su. Wannan magani na iya hana mutum haihuwa, kuma sai an yi makonni a kwance a asibiti. An fara amincewa da shi ne ga masu shekara 12 zuwa sama, kuɗinsa a Amurka kuwa ya haura dala miliyan biyu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne akwai tsohon magani da ke yin kusan irin wannan aiki na ƙara jinin jarirai, sunansa haidiroksiyuriya, kuma ana shan sa ne ta baki kullum. An daɗe ana ɗari-ɗari da shi a ƙasashen da maleriya ta yi yawa, ana tsoron kada ya raunana garkuwar yara. Binciken REACH da aka buga a 2019, wanda aka yi kan yara kusan 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, ya kawar da wannan tsoro. Tashin ciwo ya ragu, buƙatar ƙarin jini ta ragu, mace-mace sun ragu, ita kanta maleriyar ta ragu a cikin yaran da ke shan sa. Yana ba ni takaici cewa yara da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, alhali labarin maganin miliyoyin daloli ya zagaya ko'ina. Ki tambayi likitan yaronki ko ya cancanci a ɗora shi a kai. Ba a sayo shi a fara sha kai tsaye, domin awonsa ya danganta da nauyin yaro, kuma ana buƙatar gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Ki kuma tambaya game da hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake yi wa yara masu sikila daga shekara biyu, wanda ke nuna wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin abin ya faru. Duk ranar da jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Likita, tunda an fito da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, in an yi wa 'yata sai mu daina wahalar gidan sauro?

A'a Malam, kada ka naɗe gidan sauron. Alluran iri biyu ne: RTS,S wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2021, da R21 ta Jami'ar Oxford a Oktoban 2023. Dukansu suna tare ƙwayar cutar ne a ɗan lokacin da ke tsakanin cizon sauro da isarta hanta. Ana farawa daga kusan wata biyar da haihuwa, kuma sau huɗu ake yi. Ta huɗun ita aka fi mantawa da ita, ita ce kuma ke tsawaita kariyar.

A gwajin da aka fara a Gana da Kenya da Malawi a 2019, inda yara sama da miliyan biyu suka samu allurar, mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma allurar ba ta kai ta ƙyanda ƙarfi ba. Inda ta fi yin aiki shi ne wuraren da aka yi ta gab da lokacin da cutar ke ƙamari, nan ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100. Ke nan yaron da aka yi wa allura zai iya kamuwa. In 'yarka ta yi zazzaɓi, a gwada jininta, in an ga cutar a ba ta maganin har ya ƙare, ko da ta warware a rana ta biyu. Ina nanata wannan ne saboda an tabbatar ƙwayar cutar ta fara jure wa atemisinin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan maleriya na yanzu, a Ruwanda da Uganda da Eritiriya da Tanzaniya.

Na je asibiti da mura da tari, likita ya ƙi rubuta mini antibayotik, ya ce in sha ruwa in huta. Ni dai ina ganin rowa ce ko rashin kulawa.

Yallaɓai, wannan likita ya kyauta maka. Mura da mafi yawan tari na 'yan kwanaki ƙwayar bairos ce ke kawo su, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa. In ka sha shi a kan mura ba zai rage maka ko yini ɗaya na jinya ba, sai dai ya iya jawo maka gudawa ko ƙuraje, ya kuma kashe bakteriya masu rauni a jikinka ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Ranar da ka kamu da cutar da ke buƙatarsa da gaske, sai a tarar ya daina ci.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, adadin da ya fi na maleriya ko ƙanjamau a wannan shekarar. A Satumban 2024 ƙasashen duniya suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da ke da alaƙa da wannan matsala da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Tun 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa waɗannan magunguna gida uku: waɗanda ake fara amfani da su, waɗanda ake taka-tsantsan da su, da waɗanda aka ajiye sai an ƙure. Alkawari a takarda ba zai yi komai ba matuƙar ana sayar da su ba tare da takardar likita ba, mu ma likitoci muna da namu laifin in muka rubuta don kawai majinyaci ya fita da fara'a.

Amma ka koma asibiti in numfashi ya fara yi maka wuya, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓi ya ƙi sauka bayan kwana uku, ko ka ga jini a majina. Tarin da ya wuce mako biyu kuma yana buƙatar gwajin tarin fuka.

Ƙawata ta rame sosai da allurar rage ƙiba da take yi duk mako. Ta ce za ta haɗa ni da mai sayarwa a intanet. In karɓa?

Kada ki karɓa, 'yar'uwa. Maganin kansa, samaglutaid, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, yana aiki. A gwajin da aka buga a 2021 masu amfani da shi sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Wani gwajin na 2023 kan mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya ya nuna haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilin zuciya ya ragu da kashi 20 cikin 100. Sai dai waɗanda suka daina sun maido kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Yana sa tashin zuciya da amai, yana iya jawo tsakuwar matsarmama, mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi. Babbar damuwata ita ce jabu. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka, kuma an samu wasu alluran da insulin ne a ciki, wanda zai iya kayar da sugan mutum har ya suma. Ki je a auna ki, a duba suga da hawan jini, likita ya ga ko kina cikin masu buƙatarsa.

Likita, a haihuwar da ta wuce matata ta zubar da jini har aka yi mata ƙari. Yanzu tana da ciki wata shida, hankalina ya ƙi kwanciya.

Allah ya sauke ta lafiya, Malam, kuma ka yi daidai da ka fara tunani tun yanzu. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, kuma wadda ta taɓa yi ta fi wata haɗarin maimaitawa. Amma a nan akwai labari mai daɗi. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda ya shafi mata fiye da 200,000 a asibitocin Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, ya gwada abu mai sauƙi. Maimakon a ƙiyasta jinin da ido, sai a shimfiɗa wata leda mai ma'auni da ke tara shi. Da ya kai mizani, a yi komai a lokaci guda: a murza mahaifa, a ba da allurar da ke sa ta tsuke, a ba da taranezamik asid mai hana jini tsinkewa, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo bayansa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki, gano matsalar da wuri ne da daina yin abu ɗaya-ɗaya ana jira.

Naka aikin shi ne ka tabbatar ta faɗa wa ma'aikatan awo abin da ya faru a baya, a rubuta a katinta. A gwada yawan jininta yanzu, in ya yi ƙasa a gyara shi da maganin ƙarin jini kafin watan haihuwa, domin mace mai ƙarancin jini ba ta jure asarar da wata za ta jure. A san rukunin jininta, ka nemi mutum biyu da za su iya ba ta in an buƙata, ka tanadi abin hawa tun kafin naƙuda. Ta haihu a asibitin da ke da ma'ajiyar jini da ɗakin tiyata, kuma ko an sallame ta, in ta ga jini na jiƙa ƙunzugu cikin ƙasa da awa ɗaya, ko jiri na ɗibar ta, ku koma nan take.