Tambayi Lokotoro: Tiyon Duba Ciki

Tambaya: Salamu alaikum lokotoro, innarmu gyambon ciki ya matsa mata, an ce za a zura mata tiyo ta baki, wallahi duk ta tsorata, wai aiki ne? Daga ƙanwarka, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, ki kwantar wa inna hankali, ba yanka ba ne. Fibroskofi ake ce mishi, siririn tiyo ne mai kyamara da fitila a kai, ana fesa mata maganin kashe zafi a maƙogwaro ta kwanta ta gefen hagu, ya bi ta baki har tumbi a ga gyambon ido da ido, minti 10 zuwa 15 an gama. Yunƙurin amai kam za ta ji, amma baya toshe numfashi. Kar ta ci komai awa 6 kafin nan, ko kunu. In tana shan maganin suga ko na tsinka jini don Allah ku faɗa tun da wuri.