Takin ure: me ya sa nauyin mol ɗinsa 60 ne, ba 44 ba?

Tambaya: Mushe, ni ɗaliba ce a lise, daga unguwar Birni, nan Damagaram. An ba mu CO(NH₂)₂ a ce mu nemo nauyin mol ɗinsa. Na samu 44, malaminmu ya ce 60 ne. Ina na ɓata?

Amsa: Ɗiyata, lissafinki bai yi nisa da gaskiya ba, lamba ɗaya ce kika tsallake. Abin da aka ba ki ma ba baƙo ba ne: takin ure ne, wanda manoman Mirya da Matamaye ke zuba wa gero da lambu.

Mol ɗaya tarin ƙwayoyi ne har 6,022 × 10²³, wato lambar Abogadiro. Nauyin mol kuwa giram nawa wannan tarin zai yi a ma'auni. Na kowane atom yana cikin jadawalin Mandelayef, ba sai kin haddace ba: karbon (C) 12, oksijen (O) 16, azot (N) 14, idrojen (H) 1.

To ga inda ƙafarki ta zame. Kin haɗa 12 da 16 da 14 da 2, kika samu 44, kamar NH₂ ɗaya ne. Amma 2 ɗin da ke bayan baka, wato alamar ( ), na duk abin da ke cikin bakan ne. Ke nan azot biyu ne, idrojen huɗu:

12 + 16 + (14 × 2) + (1 × 4) = 60 g/mol

Wasu ɗaliban sukan ninka idrojen kaɗai su manta da azot, sai su samu 46. Su ne suka fi ba ni tausayi, don an rubuta 46 ɓaro-ɓaro a jikin buhun ure, sai su ɗauka sun dace. Arashi ne kawai. Wancan 46 ɗin kashi ne cikin ɗari na azot, kuma daga 60 ɗin nan yake fitowa: azot 28 ne cikin 60, raba ki gani, wajen 46,7 cikin ɗari. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da azot kusan kilo 23. Abin da shuka ke nema ke nan, shi manomi ke biya wa kuɗi.

Ni dai shawarata, kafin ki taɓa lissafi ki rubuta kowane atom da yawansa a gefen takarda, ki warware baka tukuna. Kada kuma ki bar g/mol (giram a kowane mol) a baya, masu gyaran jarrabawar bak suna rage maki a kansa.

Gwada Ca(OH)₂, farar ƙasar da ake shafa wa bango, kalsiyom 40 ne. In kin samu 74 kin gane. In 58 ya fito, oksijen ne kika bari ba ki ninka ba.