Yadda Ake Rage Harsunan Gefe a Jerin Eriya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne a Katsina. Na jera eriya 8 a mitar gigahaz 2.4, na ba kowace ƙarfi daidai wa daida, amma harsunan gefe sun ƙi sauka ƙasa da desibel 13. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Lissafinka daidai ne. Jerin eriya yakan tattara mafi yawan sigina zuwa sashe ɗaya, shi ne babban harshe; ragowar da ke zuba ta wasu sassa su ne harsunan gefe, kuma da desibel ake auna bambancin ƙarfinsu. Duk jerin da aka raba wa ƙarfi daidai, harshen gefe na farko yakan tsaya wajen desibel 13 ƙasa da babban harshe, ko eriya ɗari ka jera. Ƙara yawansu sirantar da babban harshen kawai yake yi.

Maganin yana wurin rabon ƙarfi: na tsakiya su samu kaso babba, ya riƙa raguwa zuwa bakin jeri. Wani masani mai suna Dolph ya fitar da tsarinsa a 1946 bisa dabarar masanin lissafi Chebyshev, inda harsunan gefe duka suke tsayawa kai ɗaya a matakin da ka zaɓa. Ga eriya 8, in kana neman desibel 26, girman siginar na tsakiya zai ninka na baki kusan sau uku. Tsarin wani masani, Taylor, na 1955 ya fi dacewa da dogayen jeri irin na rada, na'urar hango jirage daga nesa.

Sai dai ba a samun wannan kyauta. Babban harshen zai yi faɗi, nisan da sigina ke kaiwa ya ɗan ragu. Akwai ma rabon 1, 7, 21, 35, daga kowane baki zuwa tsakiya, da ke shafe harsunan gefe gaba ɗaya, amma faɗin da yake jawowa ya yi yawa, ba na ba da shawararsa.

Tazara tsakanin eriyoyi kuwa, bar ta a rabin tsawon zangon siginar (wavelength), wato santimita 6.25. Ta kai zango guda, wani babban harshe zai tsiro inda ba ka so.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, kada manhajar lissafi ta MATLAB ta ruɗe ka da nuna maka desibel 40 a kwamfuta. A allon da ka haɗa da hannu, waya ɗaya ta ɗara 'yan'uwanta da milimita kaɗan, siginarta ta makara, harsunan sun sake tashi. Eriyoyi maƙwabta ma suna shafar juna. Nemi desibel 25, ka daidaita tsawon wayoyinka, sannan ka yi awo a buɗaɗɗen fili, nesa da rufin kwano da ke mayar da sigina.