Tambayi Makanike: Motata na shan ruwa kamar raƙumi, ina yake tafiya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Ni direba ne ina jan Hiace tsakanin Damagaram da Tanut, yau sati uku ke nan kullum da safe sai na ƙara ruwa ya kai litar ɗaya da rabi a radiyata kuma wallahi ban ga inda yake ɗiga ba. Cikin gari allurar zafin inji na tsakiya lafiya lau, amma da na ɗau lodi na miƙa hanya sai ta fara hawa, shekaranjiya kafin Bakin Birji sai da na tsaya sau biyu. Yaron garaji ya ce a cire tarmosta (abin nan da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyata in inji ya yi zafi) a yar wai ta ƙasar sanyi ce, wani kuma ya ce jwan ɗin kilas ne (shimfiɗar da ke tsakanin kilas, wato kan inji, da jikin injin) a sauke kan inji. Mai motar har ya fara yi min kallon ɓarawo. Ya zan yi?
Wani direba, Zango

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Kada ka bari kowa ya kwance kan injin nan tukuna, ba a fara yi wa mai ciwon kai tiyata.

Fara da bushon, murfin radiyata, abin da kowa ya raina. Ruwa a tukunya yana tafasa ne a digiri 100, amma murfin nan na da sifirin da ke danne shi, ka duba samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wannan dannewar ce ke hana ruwan tafasa sai ya doshi 120. In robar ta tsattsage ko sifirin ya mutu, to a kan hanya ruwan ke tafasa ya bi ƙaramin tiyo ya zube bisa kwalta kana tafiya, da safe ka leƙa ƙarƙashin mota ƙasa a bushe ƙayau, ka ce aljanu suka sha. Na sha ganin an kashe kuɗin sauke kilas a kan murfin da bai kai kuɗin buhun gawayi ba.

In murfin lafiya yake, shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, sannan ka ɗaga kujera ka bi tiyo-tiyo da tocila, musamman bakin inda aka ɗaure su da ƙarfe, da gindin pompon ruwa. Ba jiƙa za ka nema ba, ƙaramin yoyo a inji mai zafi bushewa yake nan take. Fari-farin tabo kamar kanwa ko jan tsatsa, shi ne sawun ɓarawon.

Amma maganarka da ta fi ja min hankali ita ce cikin gari lafiya, kan hanya da lodi zafi. Da a tsaye take zafi, a tasha ko cunkoson bakin kasuwar Dole, da na ce fanka ce. Zafi a guje kuwa galibi radiyata ce ta toshe, ko pompo ya gaji, ko kuruwa (bel ɗin da ke juya pompo) ta saki. Mu nan ruwan rijiya da na jarka muke ɗura musu shekara da shekaru, gishirinsa na daskarewa cikin siraran bututun nan kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, daga waje kuma ƙura da ƙaiƙayi da fara sun liƙe ramukan iska, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce 40 tun kafin ka tada inji. Gwada haka: in ta yi zafi ka kashe, ka cire makulli, ka jira kaɗan, ka shafa fuskar radiyatar da bayan hannu. In wani wuri zafi wani wuri sanyi, wurin sanyin nan ruwa ba ya bi, a kai ta a buɗe a wanke. Kuma don Allah ban da fasa ƙwai ko zuba garin barkono a ciki, yoyon zai tsaya yau, gobe sauran bututun su toshe.

Jwan ɗin kilas kuma ba a yanke masa hukunci da ka. Da sassafe inji na sanyi, buɗe murfin, cika ruwa har baki, ka tada. In kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko ka rufe ka ga tiyon sama ya yi tauri kamar dutse cikin minti biyu, ko farin hayaƙi bai daina fita a salansa ba bayan inji ya ɗumama, to shi ne. Duba man inji ma, in ya koma kamar kunun gyaɗa ruwa ya shiga, sai dai man na iya zama tas alhali jwan ya ƙone, kada wannan ya ruɗe ka.

Tarmosta kuwa, ka ce wa yaron ya kawo tukunya. A jefa ta cikin ruwa bisa wuta, akwai lamba a jikinta, a Toyota da yawa 82 ce, kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga bakinta ya buɗe. Ba ta buɗe ba a sayi sabuwa. Cire ta gaba ɗaya kuskure ne, don a injuna da yawa ita ce ke rufe 'yar gajeriyar hanyar da ruwa ke zagawa cikin inji, in babu ita wani ruwan zai riƙa juyawa can ciki bai ko leƙa radiyata ba.

Kuma ko me ya faru a daji kada ka buɗe murfi da zafi, kada ka kwara wa inji ruwan sanyi, kilas na tsagewa, fuska ma na saɓulewa.

TAMBAYA: Malam, wai ruwan nan mai kala da ake sayarwa a bidon dole ne? Corolla gare ni, ruwan famfo nake zuba mata.
Wata Hajiya, Birni

AMSA: Hajiya ba don sanyi kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa yana kuma ƙara jinkirta tafasa. A zubar da tsohon ruwan a wanke sannan a sa, kada a gauraya ja da kore. In ya ragu a hanya ba ki da shi, tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ya fi na famfo, amma ki tabbatar ruwan zalla ne ba asid ba. Ki ɓoye bidon ɗin nesa da yara da awaki, zaƙi gare shi kuma guba ne.