An sake fito da wasan da na taso da shi: in rabu da na asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na taso ina buga wasannin PlayStation 2, har yanzu na'urar da faya-fayanta suna wurina. Kwanan nan na sayi sabon fitowar wasan da na fi so a ƙuruciya. Hoton ya yi kyau ƙwarai, amma ina bugawa ina jin kamar ba shi ba ne, kuma na kasa gane abin da ya ɓace. Abokaina sun ce kewar ƙuruciya ce kawai, wai in sayar da tsofaffin tunda an fito da waɗanda suka fi su. Abin yana damuna. Shin waɗannan sababbin suna ba wa na asali haƙƙinsa kuwa? In na rabu da nawa zan yi nadama?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayar da komai tukuna. Abin da kake ji ba ruɗi ba ne, sau da yawa akwai abin da aka taɓa a cikin wasan da gaske, ko da ba ka iya nuna shi da yatsa ba.

Ka riga ka san bambancin rimasta, wato kwaskwarimar hoto da sauti a kan tsohon wasa, da rimek, wanda ake rushewa a sake ginawa daga tushe. A kowane ɓangare akwai waɗanda suka riƙe amana. Resident Evil na 1996 an sake gina shi a 2002 a kan GameCube, kuma Shinji Mikami da ya jagoranci na farko shi ya jagoranci na biyun. Ya riƙe kyamarar da ba ta motsi, ya riƙe gidan da wasan ke gudana a ciki, ya riƙe ƙarancin harsashi, sannan ya ƙara abubuwan da suka sa wanda ya haddace na farko ma ya ji tsoro. Sabon fitowar Halo na 2011 da Diablo II: Resurrected na 2021 sun yi abin da ya fi burge ni: tsohon wasan ne ke gudana a ƙasa, an lulluɓe shi da sabon zane, ka danna maɓalli guda ka koma tsohon hoto. Wanda ya ba ka wannan maɓalli ba ya ɓoye maka komai.

Akwai kuma waɗanda wasanni ne masu kyau amma wasu daban ne. Final Fantasy VII Remake na 2020 ya ɗauki birnin Midgar kaɗai, wanda sa'o'in farko ne na wasan 1997, ya shimfiɗa shi ya zama cikakken wasa, ya sauya tsarin faɗa, ya karkata labarin. Resident Evil 2 na 2019 ya ɗauke kyamara daga kusurwar ɗaki ya ɗora ta a kafaɗar ɗan wasa. Ina son su, amma wanda ya buga su bai buga na 1997 da na 1998 ba.

Yanzu ga maganar abokanka, domin ita ce nake ji kullum har ta ishe ni: wai sabon ya maye gurbin tsohon, tunda hotonsa ya fi kyau. Wannan kuskure ne, kuma yana jawo asarar da ba a iya gyarawa.

Masu wannan magana suna ɗaukar duk abin da tsohuwar na'ura ta kasa yi a matsayin aibi da ya kamata a goge. Amma masu ƙera wasan sun san iyakar na'urarsu, a kan wannan iyakar suka yi zane. Ɗauki hazo. A Silent Hill na 1999 an sa hazo ne saboda PlayStation ta farko ba ta iya zana abu mai nisa. Sai hazon ya zama shi ne tsoron kansa, kana jin motsi ba ka ganin mai shi, har Silent Hill 2 na 2001 ya riƙe shi da gangan. Da Konami, mai wasan, ta fitar da Silent Hill HD Collection a 2012, hazon ya yi shara-shara, gefunan da ba a taɓa nufin ido ya gani ba suka bayyana. Daga baya aka ji cewa masu aikin ba su ma samu kammalallen rubutun manhajar ba, da wanda bai gama gyaruwa ba suka yi aiki. A lissafin ɗigon allo wannan fitowar ta fi ta asali. A wajen bugawa ta gaza ta.

Haka ya faru da Grand Theft Auto: The Trilogy da aka fitar a Nuwamba 2021. A San Andreas na 2004, ɗaya daga cikin wasanni ukun da aka haɗa a ciki, ƙura da hazon da ke rufe nesa su ne ke sa ka ji jihar tana da faɗi, tafiya daga birni zuwa birni tafiya ce. Da aka share su, sai ka hau wuri mai tsayi ka hango taswirar gaba ɗaya, girman ya zube. An ba wa ƙirƙirarriyar basira aikin gyara zane ba tare da an bi diddigi sosai ba, ta ɓata rubutun allunan shaguna, har wani noti mai kusurwa shida a kan allon shago ta mai da shi zagayayye domin a ganinta kusurwa kuskure ce. Wasu waƙoƙin rediyon mota kuma babu su saboda lasisi ya ƙare. Mutum zai ce waƙa ce kawai, amma wanda ya yi tuƙi a wannan wasan ya san rediyon ba ado ba ne.

Sannan akwai abin da hoto ba ya nunawa sam. A Crash Bandicoot N. Sane Trilogy na 2017 an sake gina komai, tsalle da yadda ƙafa ke tsayawa a bakin dakali suka ɗan sauya, 'yan wasa suka riƙa zamewa a wuraren da hannunsu ya saba tsallakewa. Ƙila irin wannan ne ya same ka. Hannu yana tuna nauyin tsalle da saurin juyawa ko da ƙwaƙwalwa ta manta. Ka ƙara da cewa an zana tsofaffin wasanni ne domin talabijin mai ƙaton baya, wadda ke narkar da ɗigo da launi cikin juna, don haka abin da ya yi laushi a can yakan yi kaifi da bushewa a allon yau.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu jera hotuna biyu a YouTube, tsoho a hagu sabo a dama, su yanke hukunci ba tare da sun buga ko ɗaya zuwa ƙarshe ba. Wannan kamar a auna gida ne da fentin bango. Daga bakinsu jama'a ke ɗaukar cewa tsohon ya zama shara.

Haɗarin kuma ba a ɗanɗano ya tsaya ba. Idan masu saye suka yarda sabon ya wadatar, kamfani ba shi da dalilin barin tsohon a kasuwa. Kafin fitowar waccan Trilogy, Rockstar, mai wasannin, ta cire na asali guda uku daga shagunan intanet a Oktoba 2021. Sai da aka yi ca a kanta ta nemi afuwa ta mai do da su ga masu kwamfuta ta shagonta. Warcraft III: Reforged na Janairu 2020 ya fi wannan muni, domin sabon ya haɗiye manhajar tsohon: wanda ya mallaki wasan tun 2002, bai sayi sabon ba, ya tarar an sauya masa nasa, wasu abubuwan da ya saba da su na buga wasa da jama'a ta intanet sun ɓace. Wani bincike da Video Game History Foundation, gidauniyar adana tarihin wasanni, ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. Faifan da ke hannunka babu wanda zai aiko da sabuntawa ya cire masa waƙa ko ya share masa hazo. Abin da ka sauke daga shagon intanet kuwa lasisi ne, mai shagon yana da hannu a kansa.

Ban ce ka ƙaurace wa sababbin ba. Ga wanda bai da tsohuwar na'ura, sau da yawa su ne kaɗai ƙofar shiga, kuma rimek ɗin Silent Hill 2 na 2024 ya nuna ana iya yi da kulawa. Sai dai kafin ka saya ka bincika ko na asali yana nan a kasuwa, ko akwai hanyar komawa tsohon hoto da tsohon sauti, da kuma abin da aka yanke. Resident Evil 3 na 2020, misali, ya cire sashen hasumiyar agogo da ake bugawa a na 1999, kuma ba za ka ga wannan a jikin kwali ba.

Ka fito da na'urarka, ka buga sa'a guda a tsohon, ka buga daidai wannan sashen a sabon. Ka lura da nisan abin da kake hangowa, da kiɗa, da yadda ɗan wasan ke amsa hannunka, za ka kama abin da ya ɓace da kanka. Faya-fayan kuma ka mai da kowanne cikin kwalinsa, ka nisanta su da rana da danshi, ka riƙa kunna na'urar lokaci zuwa lokaci, kuma katin ajiyar nan da ke riƙe inda ka tsaya a wasa kada ka ba kowa aronsa.