Tambaya da Amsa: Fulogin na Sata da Shafin Makarantarku

Wani shugaban Islamiyya daga wani ƙauye a Ringim ya rubuto cikin damuwa. Shafin intanet na makarantarsu, wanda aka gina da WordPress, wato manhajar gina shafuka, ya koma jefa duk wanda ya buɗe shi cikin shafin caca, iyayen yara har sun fara ƙorafi. Yaron da ya gina musu ya ce ya sa wasu fulogin masu tsada, wato ƙananan manhajojin da ake jona wa WordPress, da ya samo kyauta a Telegram.

Malam, kwantar da hankalinka, abin yana gyaruwa. Amma yaron nan ya riga ya faɗa maka inda cutar take.

Shi kansa WordPress, wanda ya fito a 2003 kuma yake ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, ba kasafai ɓarakar ke fitowa daga gare shi ba. Galibi daga fulogin take. Na halal ɗin ma akan samu kafa a jikinsu: a 2020 an gano wata a File Manager, wanda shafuka kusan 700,000 ke amfani da shi, masu kutse suka yi ta dandazo. Bambancin shi ne mai kayan ya fitar da gyara. To wanda aka sato aka fasa fa, wa zai gyara shi? Ka tambayi kanka ma, me ya sa mutumin da bai san ka ba zai raba maka kayan da ake biyan dala duk shekara? Sau da yawa ya dasa wata ƙofar baya ce a ciki, ya jira ka kai shi gidanka da hannunka. Ba na gajiya da wannan magana, domin mutanenmu da ba za su sayi maganin feshi na jabu a kasuwar Gujungu ba, su ne za su ɗora kayan sata a shafin da ke ɗauke da sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu. Araha ba ta ado!

Goge fulogin ɗin kaɗai ba zai wadatar ba. A sauke WordPress sabo daga shafinsa na asali, a duba jerin masu gudanarwa a cire duk sunan da ba ku sani ba, a canza kalmomin sirri har da na kamfanin da ke ba shafin masauki. In akwai kwafin ajiya na kafin ɓarnar, a dawo da shi. Sannan a kunna sabuntawa ta kai tsaye, wadda tun 2020 take aiki har ga fulogin. Kada a ce sai an dawo daga gona. A Oktoban 2014 masu Drupal, wata manhajar gina shafuka irin WordPress, sun ce duk shafin da bai sa gyaransu cikin awa 7 ba, a ɗauka an riga an shige shi.

Wani mai fataucin riɗi da zoɓo daga Maigatari yana tambaya ko ya biya kuɗin alamar kwaɗon da ke gefen adireshin shafi. Alhaji, riƙe kuɗinka. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt na bayar da ita kyauta. Kuma tana kare bayanai ne a kan hanya, ba ta hana ɓarawo shiga ta fulogin.

Sai wani daga Ɗambatta da ya ce lambar wayarsa ce kalmar sirrin shafinsa, ya ba yaran shagonsa uku, wai ko akwai matsala? Haba ɗan'uwa! Lambar da ke rubuce a allon shagonka? Canza ta yau, ka buɗe wa kowane yaro asusunsa da iya ikon da aikinsa ke buƙata, wanda ya bar aiki ka rufe nasa.